Ƙwallon da Ba a Miƙa wa Lemuel Ba

Duk wanda ya sake tare ni a hanya ya ce, "Mis Vernice, barka, mijinki ya yi nasara," Allah ya sani zan watsa masa abin da ke hannuna, ko shayi ne ko miya. Na faɗa a coci, na faɗa a layin kanti, ga shi zan ƙara faɗa. Nasarar me? Ku zauna ku ji yadda aka yi tukuna, sannan ku gaya mini ko haka ake yi wa ɗan Adam.

Lemuel Tarpley sunan mijina. A gonar auduga aka haife shi, can hayin kogi, a wani gidan katako da in ana ruwa sai an jera kwanoni a tsakar ɗaki. Tun kafin gemu ya fito masa ya riga ya cika ƙofa. Wata rana kocin Kwalejin Ellerby yana wucewa ya gan shi ya sa kafaɗa yana turo keken dokin da ya kafe a laka, shi kaɗai. Kocin ya tsayar da mota, ya cire hula, ya roƙi uwarsa ta ba shi yaron. Haka Lemuel ya shigo gari da takalmin wansa a ƙafa, aka kifa masa hular kwano, aka ce tsaya nan, layin gaba.

Kun dai san aikin 'yan layin gaba a ƙwallon Amurka, irin wanda ake runguma a yi gudu da shi. Ƙatti biyar su durƙusa, su yi karo da ƙattin abokan hamayya, su buɗe kafa, mai gudu ya rungumi ƙwallo ya bi ta nan ya wuce. Mai gudu ake yi wa ihu, shi 'yan mata ke sanin sunansa. Su kuwa sai an gama tafi ake tuna a ɗago su daga taɓo.

Mai gudun zamaninsu shi ne Hosea Tillery, wanda ake kira Alfadari, don in ya sunkuyar da kai ya nufi wuri sai ya isa, ko mutum nawa suka rataye a jikinsa. Kuma a Ellerby akwai al'adar da ta girmi su duka: mai gudu in ya tsallake layin ƙarshe, ba ya jefar da ƙwallo, ba ya rawa. Juyowa yake yi, ya nemi wanda ya buɗe masa hanya, ya sa masa ƙwallon a hannu biyu. Hosea ya yi wa Lemuel haka sau ba adadi. A nan na fara ganinsa ma. Ina cikin 'yan badujala da sarewata, na hango wani ƙato baƙi wuluk da laka, ya riƙe ƙwallo a ƙirji kamar an ba shi jariri, yana kallon ƙasa don kunya. Na ce da ƙawata, wancan zan aura. Ta ce in bari a wanke shi tukuna in ga fuskar.

Haka kuma ake yi in kwaleji za ta karrama wani mai gudu ranar bikin tsofaffin ɗalibai. A ba shi ƙwallo a tsakiyar fili, shi ko magajinsa in ya rasu, ya juya ya miƙa wa ɗan layin gabansa. Ba a rubuce yake ba. Kowa dai ya sani, ko in ce a da kowa ya sani.

Bayan makaranta Hosea ya yi arewa, ya kama aiki a masana'antar ƙarfe a Chicago, can ya yi aure, can ya rasu. Lemuel ya zauna a nan, ya tuƙa motar 'yan makaranta har ya yi ritaya. Abin da ƙwallo ta bar masa gwiwoyi biyu ne da ba sa lanƙwasuwa, da yatsu uku na hagu da suka karye suka haɗe a karkace. Ni nake shafa masa man zafi, ni nake sa masa safa, saboda haka kada wani ya koya mini abin da wasan nan ke yi wa mutum. Sauran huɗun da suka tsaya layi da shi suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki akwatin gawar biyu a kafaɗa, na ƙarshen biyun kuwa da sanda ya bi su.

Abu ɗaya ya rage masa, gardama. Kowace Juma'a da yamma ana suyar tarwaɗa a bayan cocinmu, Dattijo Purvis a kan kasko, mata muna raba burodin masara da ganye. Lemuel yana da kujerarsa a gindin bishiya, kuma kafin mai ya yi zafi an fara: wane ne mai gudun da ya fi kowa a tarihin Ellerby? Babban abokin gabarsa ɗan ƙanwata ne, Terrence, mai sayar da inshora, baki kamar reza. Shi nasa gwanin Kendarius Boone ne, wanda ya yi wasa shekarun baya kaɗan, har aka ɗauke shi wasan ƙwararru.

"Kawu, don Allah kalli nan," in ji Terrence, yana cusa masa waya a fuska. "Mutum uku ya zubar bai taɓa ko ɗaya ba. Kalli ƙugu! Ina naka Alfadarin? Nuna mana shi mu gani."

"Cire mini wannan abin daga hanci. Yaronka a kan ciyawar roba yake gudu, ko tuntuɓe babu. Hosea a taɓo ya yi nasa, taɓon da ke zare wa mutum takalmi. Kuma in ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya ba ya zuwa benci a yi masa fifita, tsayawa yake ya tare su."

"Wato dai babu bidiyo."

"Ni ne bidiyon!"

"To bidiyon ya tsufa, Kawu, wuri ɗaya yake ta maimaitawa."

Sai Dattijo Purvis ya juyo da matsami a hannu. "Ɗan'uwa Tarpley, bara ka ce mutum huɗu ya ja har layi, bana na ji sun zama shida. Haihuwa suke yi?"

Wuri ya kaure da dariya. Lemuel ya buga sanda a ƙasa, jijiyar wuya ta tashi, ya ce dukkansu ba su san komai ba, Purvis ma gara ya kula da kifinsa yana ƙonewa. Mu koma gida yana huci, ya ci gaba da gardamar da ni a mota, ni da ban ce uffan ba. Amma ranar Juma'a ce kaɗai yake cinye abincinsa tas ya nemi ƙari.

Babu bidiyo, gaskiya ne. A wancan zamanin jaridar gari ba ta aiko kowa wasan makarantar baƙaƙe, balle mai ɗaukar fim. Hoto ɗaya tak aka samu, wanda mai ɗaukar hoton aure ya ɗauka don ganin dama. Lemuel ne a gaba, ya duƙa yana ture wani, hannunsa na hagu a miƙe baya yana taɓa rigar Hosea, shi kuma Hosea na biye da ƙwallo a hammata. A falonmu yake rataye tun ranar da muka tare, sama da hoton aurenmu ma, kuma na haƙura.

Ana nan sai kwaleji ta cika shekara ɗari. Aka ce an gina sabuwar ƙofa a ƙarshen filin wasa, wani Mista Crandall mai sayar da motoci ne ya ɗauki nauyi, za a kafa ƙaton hoton mai gudun da ya fi kowa a kanta, a karrama shi ranar biki. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce za ta zaɓa. Suna biyu aka fitar, Hosea da Kendarius.

Ranar da labarin ya zo Lemuel ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Ni kuwa na gane sarai. In Hosea ya ci, za a ba magajinsa ƙwallo a tsakiyar fili, kuma cikin ƙattin nan biyar mutum ɗaya ne ya rage da zai karɓa. Tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya yana so a sake sa masa ƙwallo a hannu sau ɗaya, gari na kallo, kafin ya bi 'yan'uwansa. Ba zai taɓa furtawa ba ko za a yanka shi. Da na yi masa zancen ma sai ya sha mur ya ce, "Vernice, maganar Hosea ake yi, ba tawa ba."

To, maganar Hosea. Mutumin da hawa matakala uku ke sa shi zufa, shi ne ya sa ni tuƙa shi coci-coci, gidan tsofaffi, wurin jana'iza, yana nema wa Hosea ƙuri'a. Kai, a jana'izar Mis Odessa sai da na taka masa ƙafa, don ya tsare ɗan mamaciya a bakin kabari yana tambayarsa ko ya sabunta zamansa ɗan ƙungiya. Terrence kuwa yana ta dariya, wai a waya an yi ƙuri'ar gwaji Kendarius ya cinye fintinkau.

Abin da Terrence ya manta, ƙungiyar nan ba ta zaɓe a waya. Tun kafuwarta, a zauren taro ake haɗuwa bayan an tashi daga coci, a kira suna, mai goyon baya ya miƙe tsaye har a gama ƙirga. Matasa masu ihu a waya kaɗan ne suka zo, sauran suna barci ko suna wani gari. Tsofaffi kuwa suka cika zaure maƙil, da sanduna da kekunan guragu da tulunan iskar numfashi. Da aka kira Hosea Tillery sai ka ji ƙasusuwa suna ƙara ko'ina. Wata tsohuwa jikokinta biyu ne suka ɗaga ta. Lemuel ya dafa kafaɗata ya miƙe, mai ƙirga ya rikice ya sake daga farko, gumi na zuba masa, na ce zauna an riga an ƙirga ka, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai zauna ba. Hosea ya ci, ba kusa ba.

Terrence ya zo ya miƙa masa hannu. "Kawu, kun yi mana taron dangi. Amma Kendarius ya fi shi."

"Je ka gaya wa wayarka," in ji Lemuel, bakinsa har kunne.

Bayan 'yan kwanaki wata Mis Ashby daga ofishin shugaban kwaleji ta zo gida karɓar aron hoton, tunda babu wani. Mace mai fara'a, ta yaba labulena, ta sha shayi. Lemuel da kansa ya sauke hoton, ya goge gilashin da hannun riga. Da zan raka ta mota na ja ta gefe, na yi mata bayanin al'adar miƙa ƙwallo dalla-dalla, na ce mijina ne kaɗai ya rage. Ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, abin sha'awa! Zan isar, Mis Vernice, kada ki damu." Ban tsaya nan ba, na buga waya ofishin har sau biyu. Saboda haka kada wanda ya ce mini ba su sani ba. Sun sani.

Lemuel ya sa aka kai kwat ɗinsa wanki da guga. Ya je aski. Ya tura Terrence ya sayo masa sabuwar roba ta ƙasan sanda, wai kada ta zame a kan ciyawa. Rannan na leƙo ta taga na gan shi a bayan gida, ya jingine sandar yana gwada tsayuwa ba ita, hannu biyu a gaba. Na saki labule na koma kicin, don kada ya san na gani.

Ranar biki gari ya cika, hayaƙin gasa nama ko'ina, badujala na tashi. Muka isa ƙaramar ƙofar da ake sauka fili, wani mai gadi ya tare mu ya ce sai mai kati a wuya. Na ce wannan Lemuel Tarpley ne. Ya ce, "Yi haƙuri, Mama, ba a ba ni sunan ba." Na buɗe baki zan wanke shi tas, Lemuel ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, aikinsa yake yi. Daga fili za su kira ni. Haka aka yi wa Big Amos, ɗan layin gaban da ya riga mu, lokacin da aka karrama nasa mai gudun."

Muka zauna a layin ƙasa, jikin shingen ƙarfe, dab da matakala. Terrence ya zauna a bayanmu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci suka fito tsakiyar fili: shugaban kwaleji, Mista Crandall da matarsa, Mis Ashby da takardunta, sai 'yar Hosea, Loretha, da ta zo daga Chicago. Baiwar Allah ba ta taɓa taka Ellerby ba sai ranar, ba ta da laifi ko kaɗan. Shugaba ya yi jawabi, ya ambaci Mista Crandall ya fi a ƙirga, ya ambaci Hosea. Aka buga ganga, aka ja ƙyallen da ya rufe sabuwar ƙofa.

Ga Hosea nan, ya kai tsayin bene, ƙwallo a hammata, shi kaɗai. Sun yanke mijina. Sun datse hoton daidai wuyan hannunsa, ba abin da ya rage sai yatsu uku karkatattu a jikin rigar Hosea, wanda bai sani ba zai ɗauka datti ne. Na ce, "Lem, ka ga abin da suka yi?"

"Ya yi kyau," in ji shi. "Dubi Hosea. Dubi wuyan nan." Idonsa ba ya kan hoton ma, yana kan ƙwallon da shugaba ya ɗauko.

Aka miƙa wa Loretha. Fili ya ɗauki tafi. Sai Lemuel ya ba ni sandarsa, ya kama shinge ya miƙe, ya gyara kwat, ya saki shingen. Ya tsaya da ƙafafunsa, ya buɗe hannu biyu a gabansa.

Loretha ta ɗaga ƙwallon sama, ta share hawaye, ta waiga tana neman abin da za ta yi da shi. Mis Ashby ta matso ta nuna mata inda za ta tsaya. Aka ɗauki hoto da shugaba. Aka ɗauki hoto da Mista Crandall, shi ma ya dafa ƙwallon. Sannan aka kawo wani akwatin gilashi, Mis Ashby ta karɓa ta saka a ciki ta rufe, aka ce za a ajiye a zauren baƙi na sabuwar ƙofa. 'Yan badujala suka shigo, manya suka juya suka tafi.

Shi kuwa yana nan tsaye, hannu a buɗe. Tsofaffin da ke kusa da mu duk sun gani, kowa ya sunkuyar da kai. Dattijo Purvis ya cire hula ya rufe fuska. Da Lemuel ya tabbata ba mai juyowa, sai ya haɗa hannuwan a hankali ya fara tafi, wai dama tafi ya tashi yi. Kowa ya riga ya daina, shi kaɗai yake yi, da yatsun nan nasa da ba sa haɗuwa.

Abin da na faɗa a wurin ba zan maimaita ba, ni matar coci ce. Na dai san Terrence ne ya riƙe ni ta baya, don na riga na ɗora ƙafa a kan shinge da siket ɗina na Lahadi. Washegari na je ofishinsu. Mis Ashby ta ce lokaci ne ya ƙure, ga talla, ga 'yan badujala na jira, kuma masu tsara hoton sun ga ya fi fitowa da mutum ɗaya. Ya fi fitowa! Wa ya buɗe masa hanyar da ya fito ɗin? Ta ce za su aiko wa Mista Tarpley riga da hula na bikin. Na ce ta ba Mista Crandall ya ƙara a kan nasa.

Lemuel bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya rataye kwat, ya mayar da hotonsa bango da aka dawo da shi, ya ce an yi wa Hosea adalci, shi ke nan.

Juma'ar da ta biyo muka je suyar tarwaɗa. Ya zauna a kujerarsa. Ba wanda ya tayar da gardama, sai ƙarar mai. Kowa na lallaɓa shi, wannan ya kawo masa shayi, wancan ya gyara masa matashi. Terrence ya durƙusa a gabansa ya ce, "Kawu, na yi tunani. Kai ke da gaskiya, Alfadari ya fi Kendarius." Purvis ya ce ƙwarai, mutum shida ya ja, shi ma yanzu ya tuna. Lemuel ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce to. Ya tsinci kifin kaɗan ya ture farantin gefe.

Na tsaya da cokalin rabo a hannu ina kallonsa. Kwaleji ta hana shi ƙwallo, yanzu kuma waɗannan sakarkarun, don tausayi, za su raba shi da ɗan abin da ya rage. Ni ban taɓa kallon wasan Kendarius ba, ban san ko dogo ne ko gajere ba. Na ajiye cokali, na ɗaga murya yadda har masu wanke-wanke za su ji.

"Ku daina yi wa tsoho ƙarya. Kendarius ya fi Hosea nesa ba kusa ba. Hosea gudu yake kamar mai ɗauke da buhun masara."

Lemuel ya ɗago kai a hankali. Jijiyar wuyan ta tashi.

"Vernice, kin haukace ne? Ke da kike can kina hura sarewa, me kika gani?"

"Na ga isasshe. Ba don an buɗe masa hanya ba, ko taku biyu ba zai yi ba."

Ya buɗe baki zai ba ni amsa, sai ya tsaya. Ya dube ni, na dube shi. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi maza ya buga sanda a ƙasa.

"Purvis, miƙo mini farantina," ya ce. "Matar nan ba ta san komai ba, bari in fara mata daga farko."